Bishiyoyin da Yaya Istifanus Ya Ce a Sare

Ranar Laraba mai zuwa shekara tara ke nan cif da muka binne yayana Istifanus, wanda mutanen Kudenda suka fi sani da Koci. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo, kwamitin gasar ƙwallon da ya kafa sukan aiko mini da takardar gayyata, in je in zauna a kujerar gaba ƙarƙashin rumfa, a miƙo mini lasifika in yi jawabi a madadin iyali. Sau takwas na yi jawabin nan, kuma sau takwas na yi ƙarya. Ban faɗi abin da bai faru ba, amma na ɓoye abin da ya fi komai muhimmanci, wanda a wurina duk ɗaya ne. Bana na ce ba zan karɓi lasifikar ba. Na gwammace in rubuta a nan, inda babu mai tafi da zai katse ni, babu kuma mai jan rigata ta baya yana cewa Baba lokaci ya ƙure.

Ga abin da na ɓoye. Dogayen bishiyoyin turaren nan da suka kewaye filin ƙwallon, waɗanda kowa yake nunawa da yatsa yana cewa ga gadon Koci, shi da bakinsa ya ce a sare su duka, saura kwana goma sha ɗaya ya mutu. Ni ya ba wa aikin. Ban yi ba. Kuma saboda ban yi ba, lambunan matan da ke gangaren filin sun mutu ɗaya bayan ɗaya, har yau saura guda ɗaya tak, na wata dattijuwa Mama Rifkatu, shi ma ruwan rijiyarsa ba ya kai ƙarshen rani.

Yaya ya bar ƙauyenmu a tsaunukan Filato yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya sami aiki a wata masana'anta a Kudenda, nan garin Kaduna. Ni daga baya na biyo shi, na kama aikin koyarwa a firamare. Mahaifinmu manomi ne irin waɗanda suke jera duwatsu a gangaren tsauni don kada ruwa ya gudu da ƙasarsu, amma Yaya bai tsaya ya koyi wannan ba, ni ma ban koya ba. Abu biyu ya sani a duniya, inji da ƙwallo, kuma babu ɗaya a cikinsu da yake koya wa mutum jira. Da masana'antar ta rufe aka sallame su, sai ya ga 'ya'yan abokan aikinsa sun cika bakin titi suna zaman kashe wando, daga wannan rumfar burkutu zuwa waccan. Abin ya dame shi ƙwarai. Ya je ya roƙi mai unguwa wani fili a kan tudu bayan gidajen ma'aikata, wanda gangarensa ya sauka zuwa wata 'yar fadama da ke bin rafi har cikin kogin Kaduna. A filin akwai tsofaffin itatuwan ɗorawa da kaɗanya. Suka sare su, suka tone kututturai, suka nemo gireda ta baje wurin tas. Ni na riƙe ɗaya bakin igiyar ranar da aka ja layi, kuma tun da ni ne mai ɗan karatu a cikinsu, ni aka miƙa wa usur na zama alƙalin wasa. Tun daga ranar sunana na Luka ya ɓace a unguwar, sai Rafali.

Damina biyu kawai aka yi, ƙasa ta nuna mana mun taɓa ta. Filin da ƙafafun samari suka daddaɓe ya yi tauri kamar daɓen ɗaki, ruwa ba ya shiga, sai dai ya taru ya gangara da ƙarfi. Ya haƙa kwazazzabo ya bi ta tsakiyar lambunan matan da ke noman alayyafo da ugu da latas a fadamar. Ya kuma tafi musu da tsarabar ledar fiya wata da 'yan kallo suke zubarwa. Mu muna kan tudu muna murnar an sami abin da ya raba yara da shaye-shaye, ba mu taɓa leƙa ƙasa ba.

Ranar da muka sani, ana tsakiyar wasa ne. Na ga wata mata gajeriya, da fartanya a kafaɗa, ta ratso 'yan kallo ta shigo fili tana tafiya a hankali kamar cikin gidanta, ta zo ta tsaya daidai inda ake take ƙwallo. Na hura usur, na hura, ko kallona ba ta yi ba.

"Wane ne mai wannan fili?" in ji ta.

Yaya ya taso daga benci ya ce shi ne.

"To Koci, ƙwallonka ya ci mini fangali shida. Ka zo ka gani, ko kuwa in zauna a nan mu yi wasan tare."

Wannan ita ce Mama Rifkatu, shugabar matan lambun, mutuniyar kudancin jihar nan da mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya huɗu da wannan ɗan fegin fadama. Da wani namijin ne, da ya ce a fitar da ita, musamman a gaban jama'a. Yaya ya tsayar da wasan, ya bi ta ƙasa da rigar atisayensa, ya dawo bayan rabin sa'a fuskarsa ta sauya. Halinsa ke nan tun muna yara: yana da saurin yanke magana, yana da tsawa, amma idan ka nuna masa ɓarnarsa da ido ba ya neman hanyar zillewa.

Daga wannan rana aka kafa dokokin da suka sa gasarmu ta ƙarshen shekara ta bambanta da ta kowace unguwa. Wani kaso na kuɗin ƙofa ya zama na matan lambu, don iri da yashe rijiyoyi. Duk ɗan wasan da na ba wa katin gargaɗi, sai ya ɗauki buhun takin kashin kaji a ka ya sauka da shi fadama kafin ya sake taka fili, wanda na kora kuwa buhu uku. Kuma duk ƙwallon da ya shiga raga, wanda ya ci zai dasa bishiya guda da hannunsa a gefen filin, don a mayar wa ƙasa abin da aka sare. Mutane suka yi ta dariya da farko. Idan na ɗaga kati, sai ka ji an yi ihu daga cikin 'yan kallo, "Rafali, alayyafo nawa suka ba ka?" Amma gardawan nan sun ɗauki buhunan, suna tafe suna toshe hanci, matan suna yi musu guɗa. Wasan ƙeta ya ragu sosai a filin, domin babu saurayin da yake so budurwarsa ta gan shi da kashin kaji a ka.

Kwanan baya na ji a rediyo ana cewa yanzu a ƙasashen waje masu shirya manyan wasanni suna ware kuɗi su ba manoma, wai don su wanke laifin hayaƙin jiragen da suke kwaso 'yan kallo da wutar da filayensu suke ci. Ana ta kawo manyan kalmomi. Na kashe rediyon na zauna ina tunanin abin da Yaya zai ce. Na san zai fara da dariyar nan tasa mai girgiza kafaɗa, ya ce ashe mun daɗe muna yin abin Turawa a Kudenda ba mu sani ba. Amma na kuma san dariyar ba za ta daɗe ba. Istifanus na kwanakin ƙarshe zai tambaya ne, me suke sa manoman su shuka, kuma kafin su yanke shawara sun tambayi masu ƙasar, ko kuwa suna kan tudu ne kamar yadda muka kasance.

Domin a nan ne muka faɗi. An yi taro a wani aji na makarantar da nake koyarwa don a zaɓi irin bishiyar da za a riƙa dasawa. Mama Rifkatu ta ce a jera jema a bakin gangaren, ciyawar nan mai dogon saiwa da ake saƙa faifai da ita, ita ce za ta riƙe ƙasa, sannan a mayar da ɗorawa can sama inda take da. 'Yan wasa suka yi caa. Wani ya ce wa zai ci ƙwallo a ba shi ciyawa. Wani ya ce ɗorawa kafin ta kai tsawonsa ya daina buga ƙwallo, wataƙila ma ya daina tafiya. Su turare suke so, farar bishiyar nan mai ƙamshin ganye, wadda za ka dasa bana baɗi ka same ta ta wuce kanka, miƙaƙƙiya kamar turken raga, ga dashenta ana samu ko'ina a bakin titi. Yaya ya goyi bayansu, domin shi ma mutumin masana'anta ne, ya saba a zuba kaya ta nan su fito ta can kafin a tashi aiki. Ni kuwa, malamin makaranta, na miƙe na ƙara da cewa na karanta turare yana korar sauro. Har yau idan na tuna yadda na gyara tabarau na faɗi wannan maganar, kunya takan kama ni.

Mama Rifkatu ta ɗaure zanenta ta miƙe. Ta ce, "Ku ne masu fili, ku shuka. Ni dai a garinmu ba a shuka wannan kusa da rijiya." Ta fita. Babu wanda ya bi ta ya tambaye ta dalili.

Shekarun da suka biyo baya sun yi daɗi, kuma daɗin ne ya rufe mana ido. Kwazazzabon ya tsaya. Aka sami inuwa, 'yan kallo suka daina zuwa da lema. Ƙungiyoyi suka riƙa zuwa daga Trikania da Unguwar Boro, har da na ƙetaren gada, a lokacin da mutanen ɓangarorin garin biyu suke tsoron shiga unguwannin juna. Akwai wani ɗan gaba daga Trikania da shi kaɗai ya cika layi guda da bishiyoyinsa, yakan kawo abokansa ya nuna musu. Da gefen filin ya cika sai aka fara gangarawa da dashen ƙasa, layi bayan layi, ana matsawa kusa da lambunan. Muna addu'a a ci ƙwallaye da yawa. Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana, amma mu a lokacin sauri kawai muke gani.

Wajen shekara ta bakwai, rijiyoyin lambun da a da suke kai matan har saukar ruwan fari suka fara ƙafewa tun rani bai yi nisa ba. Ganyen turaren yakan zuba a kan fangali ya ƙi ruɓewa, abin da ke ƙarƙashinsa ya yi rawaya. Muka ce ai yanayi ne ya sauya. Kuma ba ƙarya muka yi ba, ya sauya: damina takan makara, idan ta zo ta zo da fushi, kogi ya cika ya shiga gidajen mutane, zafin bazara ya zama wani abu dabam da wanda muka tarar. Sai dai wannan gaskiyar ta zame mana bargo, muka lulluɓe namu laifin a ciki. Abu ne mai sauƙi ka ɗora wa sararin sama laifi, tun da ba ya zuwa taron kwamiti ya kāre kansa.

Wata Asabar da hantsi, ana tsakiyar gasar shekarar, Mama Rifkatu ta aiko a kira mata Koci. Ya ce in raka shi. Muka same ta ta sa an ƙara wa rijiyarta zurfi, ga tarin laka a gefe, ga kuma wani abu jibge kamar tsohuwar tabarma da ta jiƙe. Saiwoyi ne, sirara, jajaye, sun saƙu da juna, daga cikin bangon rijiyar aka yanko su. Ta ɗebo ta zuba masa a tafin hannu, ta ce ya murza ya sansana. Ya murza. Ko ni da ke tsaye a gefe na ji ƙamshin. Ta ce ta kai wa wani tsohon malamin gona ɗan Binuwai da muke coci ɗaya da shi, ya gaya mata bishiyar nan ba ta ƙoshi da ruwa, rani da damina sha take yi, kuma saiwarta takan yi tafiya mai nisa ta nemo shi.

Yaya ya daɗe a tsaye yana kallon layukan bishiyoyin daga ƙasa, inda ba mu taɓa tsayawa muka kalle su ba. Daga nan ba su da kyau ko kaɗan, sun yi wa fadamar rumfa sun tare rana. Can ya juyo.

"Mama, na yi kuskure. Kin faɗa mana, ba mu ji ba." Sannan ya dube ni. "Luka, kai ka nemo mai injin yankan itace, ka karɓo takardar izini. Ni ranar fainal zan faɗa wa jama'a da bakina. Washegari mu fara daga layin ƙasa, mu hau sama. Duka. Mu sa jema."

Na ce masa yara za su yi bore, kowa yana da bishiyarsa. Ya ce su yi, shi ya ɗaura, shi zai kwance.

Bayan kwana uku ya yanke jiki ya faɗi a bakin fili da la'asar, ana atisaye. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kwana takwas ya yi a asibiti. A rana ta biyar ko ta shida, ina zaune a gefensa, ya kafe ni da ido, ya ɗaga hannun hagun da ya rage masa ya riƙa buga gefen tafinsa a kan ƙarfen gado, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Matarsa Saratu ta ɗauka ciwo ne ya taso, ta ruga kiran nas. Ba zan iya rantsewa a kan abin da yake nufi ba, amma zuciyata ta sani tun a lokacin. Na tashi na gyara masa matashin kai, na ce masa ya huta.

Ranar jana'iza 'yan wasa suka ɗauki akwatinsa a kafaɗa suka zagaya da shi filin, a ƙarƙashin inuwar bishiyoyin. Fasto ya gina wa'azinsa duka a kansu, ya ce ga mutumin da ya bar abin da za a gani. Mata suna kuka, gardawa suna kuka, kowa ya je ya dafa bishiyarsa. A wannan taron zan miƙe in ce mamacin ya ce a sare? Na ce bari a gama zaman makoki. Da aka gama na ce bari a yi shekara. Da shekara ta zagayo aka sa wa gasar sunansa, aka kafa allo, aka miƙo mini lasifika, na ji bakina yana yabon bishiyoyin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, magana ma haka take. A shekara ta farko kalma goma za ta isa. A shekara ta biyar dole sai na fara da bayanin dalilin da ya sa na yi shiru shekara huɗu, kuma wannan bayanin ne na kasa yi. Ba don Yaya na yi shiru ba, ko da yake haka nake gaya wa kaina. Kujerar gaba tana da daɗi, kuma ina tsoron a ce ƙanensa yana yi masa hassada bayan ransa.

Mama Rifkatu ita kaɗai ce shaidata, kuma ba ta taɓa tona ni ba. A al'adarsu ba a jayayya da wanda ke cikin ƙasa, kuma ta san idan ita ta faɗa za a ce son kanta ne. Abin da take yi kawai, duk shekara bayan fainal idan muka haɗu a hanyar coci, sai ta ɗan rusuna ta ce, "Rafali, sannu da jawabi." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sauran matan suka watse a hankali. Ɗaya ta koma suyar doya a bakin titi, hayaƙi ya lalata mata idanu. Ɗaya ta tattara jikokinta ta koma ƙauye. Biyu sun rasu, 'ya'yansu suka ba masu buga bulo wurin. Da babu lambunan da za a kai wa taki, dokar buhu ta mutu, yanzu wanda aka ba kati tara yake biya. Kason kuɗin ƙofa ya koma hayar janareta da kujeru. Abin da bai mutu ba shi ne dashen turare, domin shi ne yake fitowa da kyau a hoto. Wani kamfanin kayan sha yana ɗaukar nauyin gasar yanzu, sukan zo da tutoci da riguna da dashe a baƙaƙen ledoji, a ɗauki hoton manajansu ya durƙusa da shebur. Bana sun ce za su cika sauran gangaren har bakin rafi, don shirin cika shekara goma da rasuwar Koci baɗi.

Da Yaya zai leƙo yau, akwai abin da zai faranta masa rai. Zai ga 'yan mata suna da ƙungiya, zai ga yaran da ya raba da rumfar burkutu sun zama magidanta suna kawo 'ya'yansu kallo. Amma na san shi, ba zai zauna a rumfa ba. Zai gangara ƙasa, ya ga bulo a shanye inda a da ake yankar alayyafo, ya ga ana shirin dasa abin da ya hana da sunansa. Sannan zai hawo ya neme ni.

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Makon jiya na je na sami shugaban kwamitin, Ayuba, ɗaya daga cikin yaran Yaya na farko, mutumin kirki. Na gaya masa komai. Ya ce, "Baba, abeg, kada ka ɓata mana abu. Kamfanin nan saboda bishiyoyin suka zo. Kuma in Koci ya faɗi haka, me ya sa sai yanzu?" Tambayar daidai ce, ban ji haushinsa ba. Mai unguwa kuwa ya saurare ni har ƙarshe, ya ce filin na jama'a ne amma sunan na iyali ne, idan matar marigayin ta yarda shi ba zai hana ba.

Saratu tana zaune a Trikania wurin 'yarta. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunno na fara daga ranar rijiya har zuwa hannun da ya riƙa bugawa a kan gado. Ba ta katse ni ba, hannunta ne kawai ya tsaya a cikin tiren. Da na gama ta ɗago ta dube ni.

"Luka, shekara tara ina ɗauka azaba yake ji a ranar nan. Shekara tara ina cewa da ma na yi saurin kiran nas." Ta ajiye tiren a ƙasa. "Ashe magana yake yi, kuma ka ji. Ka bar mijina yana kashe lambun mutane daga cikin kabari, kai kana sama kana jawabi. Je ka sare. Kuma ka gaya mini ranar, zan zo in tsaya, don kada wani ya ce ba da yawuna ba."

Ba ta raka ni ƙofa ba, kuma ba ta ce in gaida gida ba.

Daga can na wuce fadama. Mama Rifkatu ta tsufa sosai, tana tafiya da sanda, wata jikarta ce take ja mata guga. Fangalinta a share suke amma babu komai a ciki, alhali a irin wannan lokacin ya kamata a ce latas ya rufe ƙasa. Na gaya mata na yi magana, na karɓo izini, har zan rubuta a jarida. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Rijiya ba ta karanta jarida, Rafali. Masu bulo sun zo mini sau biyu. Na ce su ba ni zuwa Kirsimeti. In na ji ƙarar inji kafin nan, zan zuba iri in gani. In ban ji ba, ka zo ka sayi bulo."

Na je na nemi tsohon malamin gonan, yana nan da ransa. Ya ce ko an sare ba a nan aikin ya ƙare ba, turare yana tohowa daga kututture, sai an bi shi ana kashewa, kuma ba zai yi mini alkawarin ruwan zai dawo yadda yake ba. Ƙila ya dawo bayan damina biyu ko uku, ƙila kuma mun makara. Mama Rifkatu ba ta da tabbacin damina uku, ni ma ba ni da shi.

Idan mutum ya mutu, mu da muka rage mukan zaɓi abin da ya fi mana sauƙin riƙewa mu ce shi ne gadonsa. Kudenda ta zaɓi kofi da allo da inuwa. Duk nasa ne, ban musa ba, kuma samarin da ya tsamo daga titi shaida ne da ba mai sarewa. Amma masu kafa gasa suna da yawa a garin nan, masu dasa bishiya don hoto sun fi su yawa. Abin da ban sake gani ba tun da ya tafi shi ne namijin da jama'a suke tafa wa, ya tsaya a gaban tsohuwa mai fartanya da saiwa a hannunsa ya ce na yi kuskure, kuma ya shirya rushe abin da ake yabonsa a kai. Wannan ne mafi kyawun abin da yayana ya yi a rayuwarsa, kuma shi ne kaɗai abin da ba a sani ba, domin ni na binne shi tare da shi.

Ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe zan kasance a layin ƙasa, ni da Saratu da mai inji. Na san wasu za su zo su tsaya a gaban bishiyoyinsu, kuma yawancinsu yaran da na hura wa usur ne, ina ƙaunarsu. Ba zan yi faɗa da kowa ba. Duk wanda ya zo zan roƙe shi abu ɗaya ne, kafin ya buɗe baki ya gangara tare da ni taki hamsin, ya leƙa rijiyar tsohuwar nan, sannan ya gaya mata da bakinsa cewa inuwarsa ta fi.

Yaya, aikin wata guda ka ba ni, na mai da shi shekara tara. Ban zo neman gafara ba tukuna, sai bishiyar farko ta faɗi.